Shin korona ta fara bijire wa magunguna? Tambayoyin da ake ta yi min da amsoshinsu

Assalamu alaikum jama'a. Duk sanda aka ce wani sabon nau'in korona ya ɓulla sai tambayoyi su fara shigo min, kusan duk iri ɗaya, wai magani ya daina ci ne, wai ƙwayar ta gagari likitoci. Shi ya sa na tara su wuri guda na amsa, in wani ya sake tambaya sai ku tura masa wannan. Za ku ga wasu sunaye masu haruffa da lambobi, kar su razana ku, zan nuna yadda ake karanta su.

Wai me ake nufi in an ce ƙwaya ta bijire wa magani?

Ai mu mun san abin nan tun kafin a ji sunan korona. Duk wanda ya yi wayo kafin 2005 ya sha kulorokwin, ya san ɗacinsa da ƙaiƙayin da yake sa mutum, har aka zo lokacin da za ka shanye shi tas amma zazzaɓi na nan daram, dole Najeriya ta ajiye shi ta koma magungunan haɗi na ACT. Ƙwayar zazzaɓin ce ta canza har maganin ya daina kama ta.

To haka korona ma. Kundin halittarta jeren haruffa ne kusan 30,000, kuma duk sanda ta shiga jikin mutum aikinta kenan kwafar kanta ba dare ba rana, a cikin kwafar nan wani lokaci sai a samu kuskuren harafi. Yawancin kuskuren ba ya ƙara mata komai, wani ma kashe ta yake. Amma jefi jefi sai kuskuren ya faɗo daidai wurin da magani yake kamawa, kamar a canza haƙori ɗaya a cikin kwaɗo, makullin da ka saba buɗewa da shi sai ya ƙi juyawa. In mutum yana kan magani, sauran ƙwayoyin su mutu, wannan mai kuskuren ita ce za ta rage ta hayayyafa.

Sunayen kuma ga yadda suke: in ka ga E166V, ana nufin a gurbi na 166 na wani furotin na ƙwayar, tubalin da ake yi wa laƙabi da E ya koma V. Shikenan.

To a gajarce, abin ya yi yawa a duniya ko bai yi ba?

Sai ka fara faɗa min wane magani kake nufi, don labarin kashi biyu ne kuma sun yi hannun riga.

Kashi na farko alluran sojojin garkuwa ne da ake haɗawa a ɗakin gwaji a ɗura wa mara lafiya. Su kam korona ta gama da kusan dukkansu, nau'ukan da suke yawo yanzu a duniya kusan gaba ɗaya ba sa jin na farko farkon.

Kashi na biyu su ne Paxlovid da remdesivir da molnupiravir, masu shiga ciki su tsayar da injinan ƙwayar. A nan duk binciken da aka yi a kan miliyoyin samfuran ƙwayar da aka karanta kundin halittarsu daga ƙasashe daban daban abu ɗaya yake nunawa, sauye sauyen da aka san suna rage ƙarfin waɗannan magunguna ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, masu haɗarin cikinsu irin su E166V ma ko ɗaya cikin dubu ba su kai ba. Babu wani babban nau'i, daga Alfa zuwa Delta zuwa Omikron da jikokinsa, da ya zo yana ɗauke da bijirewa ga waɗannan.

Me ya sa alluran garkuwar suka faɗi da wuri haka?

Saboda inda suke kamawa. Ƙayoyin nan da kuke gani a jikin hoton korona, da su take manne wa jikin mutum ta shiga, kuma a kansu alluran suke sauka. Matsalar ita ce garkuwar jikin duk wanda ya taɓa kamuwa ko ya yi rigakafi ita ma nan take kai hari, kenan biliyoyin mutane ne suke matsa wa wuri ɗaya lamba, dole ƙwayar ta yi ta canza kamannin ƙayar don ta tsira, kuma ƙayar tana jure canji sosai ba tare da ta lalace ba. Ba sai ƙwayar ta taɓa haɗuwa da allurar ba ma, gudun garkuwar jama'a kawai ya isa ya sa ta kuɓuce mata.

Ku duba yadda suka yi ta zubewa a Amurka. Bamlanivimab na kamfanin Eli Lilly an ba shi izini a Nuwamba 2020, zuwa Afrilu 2021 an janye izinin ba da shi shi kaɗai, sauyin E484K da ke jikin nau'ukan Beta da Gamma na cikin abin da ya karya shi. REGEN-COV wanda aka ɗura wa Donald Trump a Oktoba 2020 ya yi aiki sosai har Delta, da Omikron ya zo da sauyi sama da 30 a ƙayarsa kaɗai sai aka dakatar da shi a Janairu 2022. Sotrovimab ya ɗan jure, BA.2, wani reshen Omikron, ta kayar da shi a Afrilu 2022. Bebtelovimab ya kai ƙarshen Nuwamba 2022, jikokin Omikron BQ.1 da BQ.1.1 suka gama da shi. Wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne Evusheld na AstraZeneca, don shi ake yi wa masu raunin garkuwa waɗanda rigakafi ba ya kama jikinsu, masu dashen ƙoda da masu ciwon daji, a ranar 26 ga Janairu 2023 aka ce a daina saboda sama da kashi 90 na ƙwayoyin da ke yawo ba sa jin sa, bayin Allah nan suka zauna sama da shekara ba su da madadinsa sai a Maris 2024 da aka ba wani mai suna Pemgarda izini.

Shi kuma Paxlovid me ya kare shi?

Korona in ta shiga jiki tana fara ƙera wani dogon zaren furotin ne a haɗe, wanda ba ya aikin komai sai an yayyanka shi, kuma tana da almakashinta na kanta da yake yanka shi a wuri 11. Paxlovid wannan almakashin yake toshewa. In ka buɗe kwalinsa za ka ga kowane sha ƙwaya uku ne, biyu ruwan hoda su ne nirmatrelvir ainihin maganin, ɗaya fara ita ce ritonavir wadda aikinta kawai ta hana hanta saurin narkar da shi, safe da yamma kwana biyar, ƙwaya 30 kenan, kuma masu sha da yawa suna kukan wani ɗaci kamar sun tsotsi ƙarfe. Amurka ta ba shi izini ranar 22 ga Disamba 2021 bayan gwajin da ya nuna ya rage kwanciya asibiti da mutuwa da kusan kashi 89 a cikin masu haɗari waɗanda ba su yi rigakafi ba.

Bakin almakashin nan ba ya son taɓi. In ƙwayar ta canza shi don magani ya kasa kamawa, sau da yawa shi ma yankan sai ya gagare ta. Masu bincike a jami'ar Kolambiya ta birnin New York ƙarƙashin David Ho sun yi ta kiwon ƙwayar a ɗakin gwaji suna ƙara mata maganin kaɗan kaɗan har ta koyi kauce masa, suka ga E166V yana rage ƙarfin maganin kusan ninki 100, amma ƙwayar da ke ɗauke da shi gurguwa ce, ba ta iya hayayyafa da kyau. Sai dai fa sun ga wani abu da ya kamata a riƙe, in wani sauyin kamar L50F ko T21I ya haɗu da shi sai ƙarfinta ya dawo. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa a ƙasa.

Wani abin da ke rikita mutane, Omikron gaba ɗayansa yana da sauyi a almakashin nan mai suna P132H. An gwada, ba ya hana maganin aiki, don nesa yake da inda ake kamawa. Ba kowane sauyi ba ne bijirewa.

Remdesivir fa?

Shi ta ƙarin ruwa ake ba da shi, kamfanin Gilead ne ya yi shi, an ma fara gwada shi a kan Ebola a Kongo bai yi abin kirki ba kafin korona ta zo. Injin kwafar ƙwayar yake shiga ya cushe. An samu sauye sauye irin su E802D da V792I a jikin marasa lafiya ɗaiɗaiku, suna rage ƙarfinsa ninki kaɗan, ba su yaɗu ba. Akwai P323L da ke jikin kusan duk wata korona a duniya tun 2020, shi ma ba ya hana shi aiki.

An ce akwai maganin da shi da kansa yake sa ƙwayar ta rikiɗa, gaskiya ne?

Gaskiya ne, molnupiravir kenan na kamfanin Merck, Birtaniya ce ta fara amincewa da shi ranar 4 ga Nuwamba 2021. Dabararsa ita ce ya cusa wa ƙwayar kuskure barkatai a lokacin kwafi har kundin nata ya zama shirme ta mutu. Da wuya ƙwaya ta bijire wa irin wannan, kuma ba a ga ta yi ba a cikin jama'a. Damuwar a wani wajen take, in bai kashe su duka ba, waɗanda suka rage suna fita da tabonsa. A Satumba 2023 Theo Sanderson na cibiyar Francis Crick a Landan da abokan aikinsa suka duba samfura kusan miliyan 15, suka gano wasu rassa masu wani salon kuskure na musamman, harafin G yana komawa A da yawa, sun fara bayyana a 2022, a ƙasashen da aka fi shan maganin kamar Ostareliya da Birtaniya da Amurka da Jafan, kuma an fi ganinsu a samfuran tsofaffi. Wasu sun ɗan yaɗu tsakanin mutane kaɗan. Ba a samu wani babban nau'i da ya fito ta nan ba.

Ni dai a ganina maganin da amfaninsa bai taka kara ya karya ba, don babban gwajin Birtaniya mai mutum sama da 25,000 bai nuna ya rage kwanciya asibiti ga waɗanda suka yi rigakafi ba, ga shi kuma yana barin wannan tabo, bai kamata a riƙa raba shi kamar alewa ba. Tarayyar Turai ma ba ta amince da shi ba.

Akwai ƙasar da abin ya fi fitowa?

Inda aka fi shan magani nan ake fi ganin sauyin da ya shafe shi. Jafan tana da nata maganin almakashin, ensitrelvir na kamfanin Shionogi da aka ba izini a Nuwamba 2022, kuma sauyin M49L da ke rage ƙarfinsa a samfuran Jafan aka fi tsintarsa. Ko a can ɗin ma ɗan kaɗan ne.

A jikin su wa ake samun waɗannan sauye sauyen?

Wannan ita ce tambayar da nake so kowa ya tsaya a kanta. Mai lafiyayyar garkuwa jikinsa yana share ƙwayar cikin sati ɗaya zuwa biyu, magani taimako kawai yake yi, ko an samu mai bijirewa garkuwa za ta cinye ta kafin ta je ko'ina. Amma wanda garkuwarsa ta faɗi, ƙwayar tana iya zama a jikinsa wata da watanni, ana ba shi magani tana lafawa tana tasowa, nan ne take samun lokacin koyo.

A Amsterdam an yi wani dattijo ɗan shekara 72 mai cutar jini, ya kamu da Omikron a Fabrairu 2022, aka ɗura masa sotrovimab, cikin kwana 21 ƙwayar jikinsa ta fito da E340K wanda ke kauce wa allurar. Kwana 613 ya yi da ita, ta tara sauyi sama da 50, yana shiga asibiti yana fita a killace, har ya rasu da ciwonsa na asali. Ba a samu shaidar ya shafa wa kowa ba. A jami'ar Yale ta Amurka wata dattijuwa mai ciwon daji na jini ce aka fara tabbatar da E802D a jikinta bayan an ba ta remdesivir ta ji sauƙi sannan abin ya dawo, daga baya allurar garkuwa ce ta warkar da ita.

Wadda ta fi kusa da mu ita ce wata mata 'yar shekara 36 a Durban ta Afirka ta Kudu, tana da cuta mai karya garkuwar jiki kuma maganin da take sha ya daina riƙe ta. Kwana 216 korona ta yi a jikinta tana canza ƙaya, har E484K sai da ya fito. Abin da ya kore ta a ƙarshe shi ne da likitoci suka canza mata maganin ƙanjamau zuwa mai dolutegravir, garkuwarta ta farfaɗo ta yi aikinta. Don Allah kar wani ya karanta wannan ya fara ƙyamar masu wannan lalura, ba su suka jawo wa kansu ba, kulawa suke buƙata a kan lokaci.

Na sha Paxlovid na warke, bayan kwana biyu zuwa uku mura ta dawo, gwaji ya sake nuna ina da ita. Tawa ta bijire kenan?

Mafi yawan lokuta a'a. Ya faru da Joe Biden a Yuli 2022, ya faru da Anthony Fauci, babban likitan cututtuka masu yaɗuwa na gwamnatin Amurka a lokacin. Da aka karanta ƙwayoyin irin waɗannan mutane ba a cika samun sauyin bijirewa ba, kuma yana faruwa har ga wanda bai sha komai ba. Yawanci da sauƙi yake zuwa ya wuce, sai dai kana iya shafa wa wani a kwanakin, ka sa takunkumi ka nisanci tsofaffin gida.

Alƙaluman nan daga ina suke, za a iya dogara da su?

Yawancinsu daga wata taska ce mai suna GISAID da aka kafa a 2008 saboda mura, inda ɗakunan gwaji na duniya suke zuba abin da suka karanta, samfuran korona a ciki sun haura miliyan 16. Jami'ar Stanford kuma tana da rumbun da take tara duk sauyin da aka tabbatar yana rage ƙarfin magani. Aiki ne babba, amma dole a faɗi gaskiya, kwanon ya karkata. Amurka da Birtaniya su suka zuba kaso mafi tsoka. Lokacin da duniya ta haura miliyan 10 a 2022, Afirka gaba ɗayanta kimanin 100,000 take da shi, duk da cewa ɗakin gwajin Farfesa Christian Happi da ke Ede a jihar Osun shi ya fara karanta korona a nahiyar tun Maris 2020, kuma masanan Botsuwana da Afirka ta Kudu su suka tona wa duniya Omikron a Nuwamba 2021, sakayyar da aka yi musu ita ce rufe musu hanyar jirgi, har Najeriya sai da Birtaniya ta sa a jerin ƙasashen da ta taƙaita shigowar matafiyansu a Disamban shekarar.

Sannan karatun ma ya ja baya sosai. Tun Janairu 2023 shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya Tedros ya yi kukan cewa samfuran da ake turowa sun ragu da sama da kashi 90 daga ganiyar Omikron. Kenan in na ce muku abin bai kai kashi 1 ba, a cikin abin da aka duba nake nufi, kuma idon da ke dubawa ya ragu.

Tunda kaɗan ne, ba sai a kwantar da hankali ba?

Mura ta taɓa koya mana darasi a kan wannan. Tamiflu shi ne babban maganin mura, kuma an daɗe da sanin wani sauyi H275Y da ke sa ƙwayar mura nau'in H1N1 ta daina jin sa, amma masana suka ce ba komai, mai ɗauke da shi gurguwa ce ba ta iya yaɗuwa, kuma gaskiya suka faɗa a lokacin. Kwatsam a farkon 2008 Norway, ƙasar da ma ba a cika shan Tamiflu ba, ta ba da rahoton cewa kusan kashi biyu cikin uku na samfuranta suna da shi. Shekara guda bayan nan kusan duk H1N1 ta lokacin sanyi a Amurka da ƙasashe da dama ta daina jin maganin. Daga baya aka gano wasu ƙananan sauye sauye ne suka riga suka shiga a ɓoye suka ɗauke mata gurguntar. Abin da ya ceci Tamiflu shi ne annobar murar 2009 da ta zo da sabuwar ƙwaya mai jin magani ta ture waccan.

Yanzu ku tuna E166V da abokansa L50F da T21I. Siffar labarin iri ɗaya ce, shi ya sa masana ba sa ɗauke ido daga kansu, shi ya sa kuma ake neman ƙarin magunguna masu kama wurare daban don a riƙa haɗawa kamar yadda ake yi wa ƙanjamau da tarin fuka.

Rigakafi ma ya daina aiki kenan?

Shi ma ƙayar yake koya wa jiki, don haka ake sabunta shi, an yi na XBB.1.5 a 2023 da na zuriyar JN.1 a 2024, dukkansu jikokin Omikron. Amma jiki sojoji iri iri yake ƙerawa ba ɗaya ba, shi ya sa kariya daga ciwo mai tsanani ba ta rushe yadda alluran can suka rushe ba.

Mahaifiyata tana da ciwon suga kuma tana shan maganin tarin fuka, in ta kamu me zan yi?

Allah ya ba Hajiya lafiya. Ka kai ta a gwada da wuri, don magungunan nan a kwanakin farko suka fi amfani, Paxlovid ma cikin kwana biyar na farko ake fara shi. In ka je ka tafi da duk kwalayen maganin da take sha a leda ka zube wa likita a tebur, saboda rifampicin na tarin fuka, wanda ke sa fitsari ya yi ja, yana sa hanta ta cinye Paxlovid kafin ya yi aiki, ba a haɗa su sam. Haka carbamazepine na farfaɗiya, shi kuma simvastatin na kitsen jini taruwa yake a jiki in an haɗa. Kar ka tsayar mata da maganin tarin da kanka don a samu a ba ta wancan, likita zai duba ko remdesivir ya fi dacewa da ita.

In an ba ta magani ta shanye kwanakin duka ko ta ji sauƙi a rana ta biyu, kar a rage wa wani a gida. Kuma kar ka biya kemis ka sayo mata azithromycin ko Augmentin wai don korona, ba sa taɓa bairos ko kaɗan. In sati uku ya wuce tana ta tari da zazzaɓi gwaji kuma bai daina nunawa ba, ka koma ka faɗa wa likitan adadin kwanakin da sunan duk abin da aka ba ta.